Tarihin Tsare Bayanan Kasuwanci a Abuja, daga Fayil da Hatimi zuwa Rumbun Kwamfuta

Tsare bayanan kasuwanci, wato kare littattafan lissafi da wasiƙu da sirrin abokan ciniki daga sata da gobara da ɓata, aiki ne da ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, amma tarihinsa na zamani a Nijeriya ya fi ɗauruwa da Abuja fiye da kowane gari, ko da yake yawancin manyan bankuna da kamfanonin sadarwa a Legas suke da mazauni. Dalili kuwa shi ne a Abuja ake tsara ƙa'idar da kowa zai bi, domin a nan Babban Bankin Nijeriya yake, da Hukumar Sadarwa ta NCC, da Hukumar Bunƙasa Fasahar Zamani ta NITDA, da Hukumar Yaƙi da Masu Yi wa Tattalin Arziki Zagon Ƙasa ta EFCC, da Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Duk wanda ya bi diddigin dokokin da suka fito daga waɗannan ofisoshi zai lura cewa kusan kowacce ta zo ne bayan an tafka asara, kuma an daɗe ana kallon lamarin ta fuskar farautar ɓarawo kafin a yarda cewa shi ma wanda aka danƙa wa bayanan jama'a akwai alhaki a wuyansa.

A zamanin fatake, lokacin da ayari ke tashi daga Kano zuwa Gwanja neman goro, yawancin lissafi a ka yake da bakin shaidu, kuma fatoma, wato mai masaukin da ke karɓar baƙi a zango yana ajiye musu kaya yana tsaya musu wajen bashi, shi ne ma'ajin sirrin ciniki. Abin da aka rubuta kuwa, da Larabci ko da ajami, hatimi da sanin hannun marubuci ke tabbatar da shi. Kamfanonin Turawa suka zo da akawu da babban littafin lissafi da akwatin ƙarfe da wayar tangaraho, sai amana ta fara komawa daga mutum zuwa takarda, takarda kuwa ba ta da abokin gaba kamar wuta. Gobarar da ta cinye dogon ginin hukumar sadarwa ta ƙasashen waje a Legas a watan Janairun 1983 ta bar wa 'yan Nijeriya zargin da har yau ba su rabu da shi ba, cewa idan bincike ya doso ofishin kuɗi, wuta na iya riga shi isowa.

Janar Murtala Muhammed ya kafa Babban Birnin Tarayya da dokar soja mai lamba 6 a watan Fabrairun 1976, gwamnati kuma ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, a zamanin Janar Ibrahim Babangida. Birnin ya tashi ne a matsayin garin kwangila, inda takarda mai tambarin ma'aikata da sa hannun babban jami'i ke iya zama miliyoyi, wannan kuwa shi ne abin da 'yan damfara suka fara ganewa tun kafin intanet ta iso. Damfarar da aka fi sani da 419, wadda ta samo lambarta daga sashe na 419 na kundin dokokin laifuffuka, ta gidan waya da na'urar faks ta bunƙasa, inda ake aika wa ɗan kasuwa a wata ƙasa wasiƙa mai kama da ta Babban Banki ko ta kamfanin mai na ƙasa, a kwaɗaita masa wani kaso na kuɗin kwangila, sa'an nan a riƙa tatsarsa da sunan haraji da cin hanci da kuɗin lauya. Gwamnatin Janar Sani Abacha ta yi dokar soja a kan irin wannan zamba a 1995, amma a daidai wannan lokaci ne aka fara mafi girmanta, kuma da sunan Abuja aka yi ta. Tsakanin 1995 da 1998 Emmanuel Nwude, wanda ya taɓa zama darakta a Union Bank, tare da abokan aikinsa, sun yaudari Nelson Sakaguchi, wani babban jami'i a bankin Noroeste na ƙasar Brazil, cewa akwai kwangilar gina filin jirgin sama a Abuja, Nwude yana fitowa a matsayin Gwamnan Babban Banki na lokacin, Paul Ogwuma. Asarar ta kai dala miliyan 242, kuma asirin bai tonu ba sai da bankin Santander na Sifen ya zo sayen bankin ya binciki littattafansa. Babu wata na'ura da aka kutsa a wannan lamari, illa dai jami'i guda ya sami ikon fitar da kuɗi masu ɗimbin yawa shekara da shekaru ba tare da wani ido na biyu ya duba ba, kuma wannan rauni, na barin mabuɗi a hannun mutum ɗaya, shi ne ya ci gaba da bayyana a kusan duk manyan asarorin da suka biyo baya.

Shekarar 2001 ce ta raba tarihin gida biyu. A watan Janairu Hukumar NCC, ƙarƙashin Injiniya Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a Abuja a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, a ƙasar da layukan wayarta gaba ɗaya ba su kai rabin miliyan ba, kuma a watan Agusta kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki. A shekarar ce kuma aka amince da manufar ƙasa kan fasahar zamani aka kafa NITDA domin aiwatar da ita, ko da yake dokar da ta ba hukumar cikakken iko sai 2007 ta samu. Shagunan intanet, inda mutum ke sayen awa guda ya zauna gaban kwamfuta, suka bazu a Wuse da Garki da garuruwan gefe, wasiƙar damfara ta bar gidan waya ta koma imel, wanda ke isa ga dubban mutane ba tare da kan sarki ba, daga nan ne kuma aka fara kiran masu wannan ɗabi'a 'yan Yahoo. Har ila yau a 2001 ne ƙungiyar FATF, mai sa ido kan halatta kuɗin haram a duniya, ta sanya Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ba sa ba da haɗin kai, abin da ya sa bankunan waje suka riƙa ɗari-ɗari da duk wata hulɗa da ta fito daga ƙasar, har da ta 'yan kasuwa masu gaskiya. Wannan matsin lamba ne ya haifi EFCC, wadda ta fara aiki a 2003 ƙarƙashin Nuhu Ribadu, kuma ita ce ta gurfanar da Nwude a Abuja a 2004, kafin shari'ar ta koma Legas inda aka yanke masa hukunci a 2005. A 2006 aka cire Nijeriya daga jerin, aka kuma yi sabuwar dokar zamba wadda ta wajabta wa masu shagunan intanet da kamfanonin da ke ba da layi yin rajista da EFCC da ajiye bayanan masu hulɗa da su.

Abin lura a wannan zango shi ne gwamnati ta ɗauki matsalar a matsayin ta zubar da mutuncin ƙasa a idon duniya, saboda haka hankalinta yana kan baƙon da aka cuta, ɗan kasuwar gida kuwa, wanda ya fara zuba lissafinsa cikin kwamfuta ba tare da kwafin ajiya ba, babu wanda ya waiwaye shi. Kotuna ma ba su shirya ba, domin dokar shaida da ake aiki da ita ta zamanin mulkin mallaka ce, har ta kai a 2009 wata Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ƙi karɓar bayanin asusun banki da aka buga daga kwamfuta a matsayin hujja. Sai a 2011 sabuwar dokar shaida, a sashenta na 84, ta bayyana sharuɗɗan karɓar abin da kwamfuta ta fitar, kuma kafin wannan gyara ko an kama mai kutse da wuya a tabbatar da laifinsa.

Daga nan kuɗin kansa ya fara komawa lambobi a cikin waya. Babban Banki ya tilasta wa bankuna sauya katin cirar kuɗi mai zanen maganaɗisu, wanda ake iya kwafe shi cikin sauƙi, da kati mai ƙwaƙwalwar lantarki da lambar sirri, sa'an nan ya ƙaddamar da tsarin rage amfani da tsabar kuɗi a Legas a 2012, ya faɗaɗa shi zuwa Abuja da Kano da wasu jihohi a watan Yulin 2013. A watan Fabrairun 2014, a ƙarshen zamanin Sanusi Lamido Sanusi a bankin, aka ƙaddamar da lambar BVN, wadda ke ɗaure duk asusun mutum a kowane banki da zanen yatsunsa da hoton fuskarsa. Lambar ta toshe ƙofar buɗe asusu da sunan ƙarya, amma ta buɗe wata, domin tun daga lokacin duk wanda ya mallaki BVN ɗin mutum da ranar haihuwarsa da layin wayarsa ya kusa mallakar aljihunsa. Haka ma rajistar layukan waya da aka fara a 2011, da umarnin haɗa layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN a watan Disambar 2020, duk sun tara bayanan miliyoyin mutane wuri guda, tarin da ke sauƙaƙa wa hukuma aiki, yake kuma jawo hankalin ɓarawo.

An shafe fiye da shekara goma ana kai ƙudurin dokar laifuffukan intanet gaban Majalisar Tarayya yana mutuwa, tun daga kwamitin da gwamnatin Obasanjo ta kafa a 2004, har sai da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kansa a watan Mayun 2015, makonni kaɗan bayan masu kutse sun ɓata shafin hukumar zaɓe ta INEC a ranar zaɓen shugaban ƙasa. Dokar ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba, da satar sauraron saƙonni, da shigar burtu da sunan wani, ta wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan zirga-zirgar saƙonni na tsawon shekara biyu, ta kuma ɗora jagorancin lamarin a kan Ofishin Mai Ba da Shawara kan Tsaro, wanda a ƙarƙashinsa cibiyar ngCERT take, wato rukunin ƙwararrun da ke karɓar rahoton hari suna gargaɗin sauran jama'a. Sanya lamarin a hannun jami'an tsaro yana da hujja, ganin cewa bankuna da layukan sadarwa jijiyoyin ƙasa ne, amma ya zo da illa, domin ofishin da ya saba da sirri ba shi ne ɗan tireda zai je ya ƙwanƙwasa wa ƙofa ba. Abin takaici kuma, sashen da ya fi yin suna a dokar shi ne na 24, wanda aka riƙa amfani da shi wajen kama 'yan jarida da masu sukar mahukunta bisa zargin aika saƙon cin fuska, har Kotun ECOWAS da ke zaune a Abuja ta yanke hukuncin cewa ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. Dokar da aka yi domin tsare dukiyar mutane ta zama abin tsoro ga masu rubutu, wannan kuwa ya rage mata daraja a idon waɗanda ya kamata su fi kowa goyon bayanta.

A daidai wannan lokaci damfarar ta sauya salo ta fuskanci kamfanoni kai tsaye, ta hanyar da masana ke kira kutsen imel na kasuwanci. Ana aika wa ma'aikaci saƙon tarko, wato saƙo mai kama da na kamfanin da ya sani, ana roƙonsa ya shigar da kalmar sirrinsa a wani shafi na bogi, da zarar ya shigar sai ɓarayin su zauna cikin akwatin saƙonsa makonni suna karanta yadda yake magana da wanda yake biya da lokacin da yake biya, sa'an nan ranar da babban biya ya taso su aika da takardar neman kuɗi mai ɗauke da wata lambar asusu daban. Ta haka Obinwanne Okeke da abokansa suka kwashe kimanin dala miliyan 11 daga Unatrac, mai sayar da injinan Caterpillar, a 2018, wata kotun Amurka kuma ta ɗaure shi shekara 10 a 2021. Maganin wannan hari ba shi da tsada, domin bai wuce a kira mai kaya a lambar da aka riga aka sani kafin a amince da sauyin asusu ba, da kuma tabbatarwa mai hawa biyu, wato a buƙaci wata lamba ta wucin gadi daga waya bayan kalmar sirri, amma a garin da ƙaramin ma'aikaci ke jin nauyin tambayar umarnin da ya zo da sunan maigida, wannan kira ɗaya yakan gagara.

Juyin da ya fi muhimmanci ya zo ne a hankali. A 2018 Babban Banki ya fitar da ƙa'idar tsaron intanet ga bankuna, wadda ta wajabta wa kowannensu naɗa babban jami'in tsaron bayanai, ta kuma ɗora alhakin a kan hukumar daraktoci, ba a kan yaron da ke gyara kwamfuta kaɗai ba. A watan Janairun 2019 NITDA, ƙarƙashin Dakta Isa Ali Pantami, ta fitar da ƙa'idar kare bayanan jama'a, wadda ta ari abubuwa da dama daga dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018, kuma da ita aka ci tarar kamfanin ba da rance na Soko naira miliyan 10 a 2021, saboda ɗabi'ar kwashe lambobin da ke cikin wayar wanda ya ci bashi a riƙa aika musu saƙon tozarta shi. Ranar 12 ga Yuni, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan cikakkiyar doka wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta NDPC, ta wajabta sanar da ita cikin awa 72 idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, ta kuma tanadi tarar da za ta iya kai kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar kamfani na shekara. A 2024 hukumar ta ci tarar bankin Fidelity sama da naira miliyan 555, hukuncin da bankin ya yi jayayya da shi. Da wannan doka ne aka dawo, ta hanyar majalisa da kotu, kan abin da fatoma ya sani tun tuni, cewa wanda ya karɓi ajiya shi ake fara tambaya idan ta salwanta. Sai dai gwamnati ita ce mafi girman ma'aji, kuma rahotannin da suka fito a 2024 cewa wasu shafuka na sayar da bayanan NIN a kan kuɗi ƙalilan, waɗanda Hukumar NIMC, mai bayar da lambar, ta musanta cewa daga rumbunta aka sato su, tare da kutsen da ya rufe shafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a watan Disambar shekarar, sun nuna cewa mai ɗora wa wasu ƙa'ida shi ma yana da sauran aiki a gidansa.

Ba kowace asara ce ke da ɓarawo a bayanta ba. A watan Afrilun 2020, ana tsakiyar kullen korona, wuta ta tashi a ofishin Akanta Janar na Tarayya a Abuja, bayan mako guda kuma ta tashi a hedikwatar Hukumar Rajistar Kamfanoni da ke Maitama, tsohon zargi ya sake tasowa, amsar da mahukunta suka bayar kuwa ita ce muhimman bayanai ba su salwanta ba. Kamfanin Galaxy Backbone, wanda gwamnati ta kafa a 2006 domin haɗa ma'aikatu a kan layi guda, yana da rumbun adana bayanai a Abuja da wani a Kano, bisa ƙa'idar cewa kwafin da aka ajiye a gini ɗaya da na asali ba ya tsira daga abin da ya ci na asalin. Ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a kusa da gaɓar Kwaddebuwa, hada-hadar bankuna da dama ta tsaya cak a Nijeriya, masu shaguna a Abuja, nesa da teku da ɗaruruwan kilomita, suka kasa karɓar kuɗin cinikinsu. A cikin gida ma kamfanonin sadarwa sun daɗe suna kuka da masu aikin titi da masu haƙar magudanar ruwa da ke datse wayoyin da aka binne, abin da ya sa a 2024 gwamnati ta ayyana kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman.

Wanda ya fi kowa zama a fili a duk wannan tarihi shi ne ƙaramin ɗan kasuwa. Ƙarancin tsabar kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira a farkon 2023 ya tura mai nama da mai hatsi da mai kayan miya a kasuwannin Wuse da Utako da Dei-Dei zuwa karɓar kuɗi ta waya cikin makonni kaɗan, da yawansu ba su taɓa samun wanda ya zaunar da su ya yi musu bayani ba. Sai aka shiga zamanin alat na bogi, inda mai saye ke nuna saƙon da ke cewa kuɗi sun shiga alhali ba su shiga ba, da kiran waya daga wanda ke cewa shi ma'aikacin banki ne yana neman lambar da aka turo, da satar layi, inda ake karɓo sabon sim da sunan mutum a kwashe asusunsa kafin ya gane dalilin ɗaukewar sabis a wayarsa. Alƙaluman NIBSS, kamfanin da ke daidaita biya tsakanin bankuna, sun nuna asarar zamba ta tashi daga kimanin naira biliyan 17 a 2023 zuwa sama da biliyan 52 a 2024, kuma wannan abin da aka kai rahoto ne kawai, domin mai shagon da aka ci wa dubu hamsin sau da yawa yakan haƙura ya bar wa Allah, ganin cewa zirga-zirga tsakanin banki da ofishin 'yan sanda za ta ci masa fiye da haka. Yawancin gargaɗin da bankuna da hukumomi ke fitarwa da Turanci suke fita, cike da kalmomin da ko mai ilimin boko sai ya yi tunani, alhali mai POS a Zuba ko Mararraba da Hausa yake ciniki, kuma shi ne ke riƙe da katunan mutane da lambobinsu daga safe zuwa dare.

Gyaran da aka yi wa dokar laifuffukan intanet a watan Fabrairun 2024 ya taƙaita sashe na 24, ya rage wa'adin kai rahoton hari daga kwana 7 zuwa awa 72, ya kuma fayyace harajin tsaron intanet a kan rabin kashi ɗaya cikin ɗari na hada-hadar kuɗi ta lantarki, wanda za a zuba a asusun da Ofishin Mai Ba da Shawara kan Tsaro ke kula da shi. Da Babban Banki ya umarci bankuna a farkon watan Mayu su fara cire shi daga masu tura kuɗi, ƙungiyoyin ƙwadago da na 'yan kasuwa da Majalisar Wakilai suka yi ca, har gwamnati ta dakatar da shi kafin watan ya ƙare. Masu adawa sun kafa hujja da tsadar rayuwa da yawan kuɗaɗen da banki ke cira, amma akwai wata hujjar da ta fi wannan ƙarfi, ita ce babu inda aka bayyana wa wanda za a cire wa kuɗin abin da zai samu idan aka kwashe masa asusu, ko ofishin da zai je, ko tsawon lokacin da zai jira kafin a amsa masa.